Tashoshin Sama Masu Sunayen Marubuta

A cikin wasan kwamfutar nan da ake kira Elite Dangerous akwai wani tauraro mai suna Wyrd, a gefensa kuma akwai tashar da fatake ke yada zango, su sauke kaya, su sha mai, su yi lodi su ƙara gaba. Sunanta Vonarburg Co-operative. Ba a kafa allo a bakin ƙofarta ba, ba a kuma rubuta ko layi ɗaya da zai gaya wa matuƙi ko wane ne mai sunan ba. Sai wanda ya daɗe a fagen ƙagaggun labaran kimiyya ne zai tuna da marubuciya Élisabeth Vonarburg, wadda aka haifa a Faris a 1947, ta koma yankin Kubek na Kanada a 1973, take rubutu da Faransanci, ta kuma yi shekaru tana kula da sashen adabi na mujallar Solaris. Ba ta yi tashe a wajen masu karatun Ingilishi irin na su Asimov ba. Duk da haka ga sunanta a jikin wata tasha, a shekara ta 3300 da 'yan kai, mutanen da ba su taɓa buɗe littafinta ba suna neman izinin sauka a cikinta.

Ba ita kaɗai ba ce. Wanda ya yi 'yan makonni yana fatauci a wasan yana iya cin karo da Effinger Port a tauraron Furbaide, ko Gaiman Dock a 49 Arietis, ko Ackerman Market a Eravate, cuɗe da sunayen 'yan sama jannati da masana kimiyya da injiniyoyi. Mu da sana'armu ita ce rubuta manhaja mun san irin abin da ke ƙarƙashin wannan. Jeri ne na sunayen mutane a cikin fayil, da wani jerin na kalmomi irin su Port da Dock da Hub da Gateway da Orbital, sai 'yar dabarar da ke ɗauko ɗaya nan ɗaya can ta haɗa su. Ɗalibin shekarar farko zai rubuta dabarar kafin la'asar. Jerin ne abin dubawa, domin mutum ne ya zauna ya cika shi, kuma duk wanda ya cika irin wannan jeri ya yanke hukunci a kan wanda za a tuna da wanda za a bari, ko da bai yi nufin haka ba.

Bashin da wasan ke biya ya girme shi. Tun kafin a sami kwamfutar da za ta iya zana kumbo a allo, marubuta sun riga sun ƙirƙiro falke na sararin samaniya. Sassa biyu na ƙarshe na littafin Foundation na Isaac Asimov, wanda ya fito a 1951, a kan 'yan kasuwa suke, waɗanda suke cin ƙasa da haja a inda soja ya kasa. A 1955 Andre Norton ta fara labaran jirgin fatake mai suna Solar Queen. A 1956 Poul Anderson ya fito da Nicholas van Rijn, wani ƙaton attajiri mai wayon tsiya da ke dillancin kayan yaji da giya tsakanin taurari. A 1957 Robert Heinlein ya buɗe Citizen of the Galaxy da gwanjon wani yaro bawa, wanda daga baya ya tsinci kansa cikin dangin fatake da ba su da gida sai jirginsu. Sai C. J. Cherryh, wadda a 1981 ta ɗauki tashar kanta ta mai da ita gari mai siyasa da 'yan gudun hijira da ƙarancin masauki a Downbelow Station, littafin da ya ci kyautar Hugo a 1982. Ƙaramin jirgi, mai shi da ke ƙirga kuɗin mai, 'yan fashi a hanya, farashin da ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, duk a takarda aka fara shimfiɗa su. Ko wasan farko na irin wannan, Star Trader na Dave Kaufman da aka rubuta da harshen BASIC a 1974, rubutu ne zalla a allo.

A watan Satumban 1984 kamfanin Acornsoft ya fitar da Elite. Ɗalibai biyu na jami'ar Kambirij ta Ingila, David Braben da Ian Bell, su suka rubuta shi. Sun fara kai shi Thorn EMI aka ƙi, saboda ba shi da rai uku da maki irin na wasannin lokacin, kuma ba a gama shi cikin minti goma. Ana ba ka jirgi ƙirar Cobra Mk III, da kuɗin wasan 100, da sunan Kwamanda Jameson, a ajiye ka a tashar duniyar Lave, sauran kuma ruwanka. Haja iri 17 ce a kasuwa, daga abinci da tufafi zuwa kwamfuta da zinariya, har da uku da doka ta hana: bayi, miyagun ƙwayoyi da bindigogi. Braben bai ɓoye inda ya sha ba, ya ambaci Larry Niven da Jerry Pournelle da Arthur C. Clarke da Asimov cikin waɗanda suka yi tasiri a kansa. Tashar da ke juyawa a sama, wadda sai ka daidaita juyin jirginka da nata kafin ka shige ta siririyar ƙofarta, daga fim ɗin 2001: A Space Odyssey na 1968 ta fito, wanda Clarke ya rubuta tare da Stanley Kubrick.

To amma a duk faɗin wasan na 1984 babu tasha ɗaya mai sunan marubuci. Hasali ma tashoshin ba su da suna, ana kiran kowace da sunan duniyar da take kewayawa. Dalilin kuwa lissafi ne. Kwamfutar BBC Micro tana da ma'adanar kilobayit 32, hoton allo ya cinye wani kaso, abin da ya rage wa wasan bai wuce kilobayit 22 ba. Wasan yana da gungun taurari 8, kowane da duniya 256, jimla 2,048. A ce kowane suna harafi bakwai ne, to ajiye sunayen kawai zai ci sama da bayit 14,000, wato fiye da rabin wurin, kafin a zana jirgi ko ɗaya. Sai Braben da Bell suka ƙi ajiye komai. Suka ɗauki lambobi uku, kowace bayit biyu, suka mai da su iri. A tara ukun, a jefar da ta farko, a ɗora jimlar a ƙarshe, a sake. Daga lambobin da ke fitowa ake tsamo matsayin duniya a taswira, da irin gwamnatinta, da arzikinta, da sunanta. Sunan kuma daga wani ɗan tebur ne mai gaɓoɓi 32 na haruffa bibbiyu, bayit 64 kacal. LA da VE suka ba da Lave. ZA da ON da CE suka ba da Zaonce. RI da ED da QU da AT suka ba da Riedquat, matattarar 'yan fashin da ta ci sababbin matuƙa ba adadi. In za a koma gungu na gaba, sai a murza kowane bayit na irin da taki ɗaya. Bayit kuwa taki takwas gare shi, don haka bayan murɗa ta takwas an dawo inda aka fara. Da farko sun so su yi gungu fiye da tiriliyan 280, Acornsoft ya ce a rage, kada yawan ya tona asirin cewa na'ura ce ke ƙaga su.

Har yau idan muka karanta wannan dabara sai mun jinjina kai. Amma tana da iyaka guda: iri na iya haifar da suna mai daɗin faɗi, ba ya iya haifar da sunan mutum. Sunan Asimov ba ya fitowa daga lissafi, sai an rubuta shi an ajiye, kuma a 1984 babu wurin ajiya.

Marubucin da ya shiga Elite na farko ta kwali ya shiga. A cikin akwatin wasan, tare da kaset ko faifai, akwai ɗan littafin labari mai suna The Dark Wheel, wanda Robert Holdstock ya rubuta. A wannan shekarar ce kuma Holdstock ya fitar da Mythago Wood, labarin almara a kan wani tsohon kurmi a Ingila da ke haifar da halittu daga tatsuniyoyin da ke kwance a zukatan mutane, littafin da ya ba shi kyautar World Fantasy a 1985. Abin da ma'adanar kwamfuta ta kasa ɗauka, takarda ta ɗauka: dalilin tashi, da uban da aka kashe, da wani ɓoyayyen wuri mai suna Raxxla da aka ambata a gurguje. Holdstock ya rasu a 2009, amma 'yan wasa ba su daina neman Raxxla ba har cikin sabon wasan.

Wasa na biyu, Frontier: Elite II, ya fito a 1993, Braben ne ya rubuta shi. Yanzu akwai wuri. An saka ranarmu da duniyoyinta da taurarin da ke kusa da mu na gaskiya, kuma a karon farko tashoshi suka sami suna. Uku da ke kewaya Duniyarmu an kira su Abraham Lincoln da M. Gorbachev da Li Qing Jao, ta wajen wata kuwa Galileo. Labarin yana faruwa a shekara ta 3200, amma sunan Gorbachev ya isa ya gaya maka lokacin da aka rubuta shi: shekara biyu bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, sa'ar da Turawan Yamma ke ganin mutumin a matsayin wanda za a tuna har abada, mutanen ƙasarsa kuwa da yawa suna ganin shi ya rusa musu gida. Sunan tasha ya fi ba da labarin mai raɗa shi a kan ya ba da labarin gaba. First Encounters na 1995 ya zo da kurakurai da shari'a tsakanin Braben da mawallafinsa, daga nan jerin wasannin ya yi shiru na kusan shekara ashirin.

A watan Nuwamban 2012 kamfanin Braben, Frontier Developments, ya nemi tallafin jama'a ta Kickstarter, yana neman fam miliyan 1.25, ya sami sama da miliyan 1.5. Ranar 16 ga Disamban 2014 Elite Dangerous ya fito, da taurari kimanin biliyan 400, wato gungunmu na Milky Way a girmansa. Yankin da mutane ke zaune a ciki taurari ne wajen 20,000, yawancinsu da tasha fiye da ɗaya. Wannan karon matsalar ta juye. Wuri ya wadata, sunaye ne suka yi kaɗan. Wasu an raɗa su da hannu, kamar Jameson Memorial da ke Shinrarta Dezhra, wadda ake tunawa da kwamandan 1984 da ita. Wasu an ba waɗanda suka ba da tallafi mai tsoka damar raɗawa. Har lasisin rubuta littafi a duniyar wasan an saka cikin ladan tallafin, Drew Wagar ya tara kuɗinsa ta nasa Kickstarter ɗin ya rubuta Elite: Reclamation. Amma dubban tashoshin da suka rage ba za su raɗu da hannu ba. A ce kana da sunan mutum 2,000 da kalmar ƙarshe 20, ka sami suna 40,000 ke nan, kowanne da kamannin wurin da ke da tarihi. Nan jerin ya shigo.

Zaɓin da aka yi ba shi kaɗai ne mai yiwuwa ba. A wasan EVE Online, wanda ya fito a 2003, babbar kasuwar 'yan wasa sunanta Jita IV - Moon 4 - Caldari Navy Assembly Plant, adireshi ne tsantsa, kamar lambar akwatin gidan waya. Freelancer, shi ma na 2003, sunayen garuruwan duniya ya kwasa, Manhattan da Pittsburgh da makamantansu. Frontier ya zaɓi mutane, kuma ya zuba waɗanda suka tafi sama da gaske da waɗanda suka tafi da alƙalami a tukunya ɗaya. A tauraron LHS 3447, inda aka daɗe ana ajiye sababbin 'yan wasa, akwai Trevithick Dock, sunan Baturen da ya fara ɗora injin tururi a kan dogo a 1804, da Bluford Orbital, sunan baƙar fatar Amurka na farko da ya je sararin samaniya a 1983. A ganinmu wannan cuɗanya ita ce mafi kyawun abin da jerin ya yi. Na'ura ba ta san babba da ƙarami ba. George Alec Effinger, wanda ya rubuta When Gravity Fails, labarin wata unguwa mai suna Budayeen a wani birnin Larabawa Musulmi na nan gaba, ya rasu a 2002 bayan ya sha fama da ciwo da bashin asibiti. A shagon littattafai sai an tona kafin a same shi. A taswirar wasan kuwa tasharsa tana tsaye kafaɗa da kafaɗa da ta kowa.

Sai dai wannan rashin sanin nata yana da ɗaya fuskar, kuma a nan ne muke ganin sawun 'yan sana'armu. A LHS 3447 ɗin nan akwai Yaping Enterprise. Wang Yaping 'yar sama jannati ce ta ƙasar Sin da ta tashi a 2013, kuma a al'adar Sinawa sunan dangi ne ke zuwa farko. Wang ne sunan danginta, Yaping sunan yanka. A Alpha Centauri kuma akwai al-Din Prospect. Duk wanda ya san Nuruddin ko Shamsuddin ya san cewa wannan wutsiyar suna ce, an yanke kan an jefar. Taƙiyyuddin mai ɗakin nazarin taurari na Istanbul ake nufi, ko Nasiruddin na Ɗusi, ko wani daban? Sunan ya dace da kowannensu, don haka bai tsaya a kan kowa ba. Tsohon zato ne da ya cika manhajojin duniya, cewa kowane ɗan Adam yana da sunan farko da sunan dangi, kuma kalmar ƙarshe ita ce dangin. Da irin wannan wuƙa ta faɗa kan Abubakar Tafawa Ɓalewa, marubucin Shaihu Umar, da rabin sunan garinsu za a manna wa tasha.

Ko a sunayen Turawa ma yankan yana ɓatar da sawu. A Eravate akwai Russell Ring. Eric Frank Russell ne, marubucin ƙagaggun labaran kimiyya na Ingila, ko Henry Norris Russell masanin taurari, ko Bertrand Russell? Mai karatu zai zaɓi wanda ya sani. Ga mata kuwa abin ya zo da ɗan ɗaci. Andre Norton sunanta na haihuwa Alice Mary Norton, littafin farko na Solar Queen ma da sunan Andrew North ta buga shi. Cherryh ta ɓoye sunanta Carolyn Janice a bayan haruffa biyu. Alice Sheldon ta yi shekaru tana rubutu a matsayin James Tiptree Jr., sunan da ta tsinta a jikin kwalbar jam. Sun ɓuya ne don kasuwar lokacin ta fi yarda da namiji. Sunan dangi tsirara a jikin tasha yana sake rufe su da mayafin da suka sha wahala kafin su yaye. Sannan abin da ake sayarwa a tasha ba ruwansa da mai sunan. A yankin Daular da ke cikin wasan cinikin bayi halal ne, kuma babu abin da zai hana sunan wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana rubutu a kan sharrin bauta ya faɗa a kan irin wannan kasuwa.

Abin mamaki shi ne duk wannan ya faru a daidai shekarun da duniyar wannan adabi ke rigima a kan sunaye. Tun 1975 kyautar World Fantasy mutum-mutumin kan H. P. Lovecraft ce, irin wanda Holdstock ya karɓa. A 2011 Nnedi Okorafor, 'yar asalin Najeriya, ta ci kyautar da littafinta Who Fears Death, ta kuma fito fili ta faɗi yadda ta ji da ta gane irin ƙiyayyar da mutumin da ke kan kantarta yake yi wa baƙar fata. Muhawara ta yi tsawo, a 2015 aka ajiye mutum-mutumin. A 2019 aka cire sunan edita John W. Campbell daga kyautar sababbin marubuta bayan jawabin Jeannette Ng a Dublin, aka koma kiranta Astounding. A shekarar ce kuma kyautar Tiptree ta zama Otherwise. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da kwamiti da za a rubuta wa wasiƙa, da fuskar da za a nuna da yatsa. Jerin tashoshi ba shi da ko ɗaya. Ya fi kowace kyauta yawan sunaye, mutanen da ke gani kullum sun fi masu halartar bikin ba da kyauta yawa nesa ba kusa ba, amma yana wucewa ba gardama, don ya yi kama da yanayin ƙasa, kamar dutse ko kogi da aka tarar.

Masana falaki sun fi taka-tsantsan. Ƙungiyarsu ta duniya, IAU, ta ware ramukan duniyar Mercury ga marubuta da mawaƙa da masu zane, da sharaɗin mutum ya yi suna na sama da shekara 50, ya kuma rasu da sama da shekara uku. Ta wannan hanya Ahmad Baba na Tambutu da Olaudah Equiano da mai sassaƙa Ben Enwonwu suka sami ramukansu, kowanne da bayanin ko wane ne a rajista. A 2018 aka raɗa wa duwatsu a Charon, watan Pluto, sunayen Clarke da Octavia Butler. Hukumar NASA kuma ta kira inda motar Curiosity ta sauka a Mars a 2012 Bradbury Landing, inda Perseverance ta sauka a 2021 kuwa Octavia E. Butler Landing. Wasan bai jira mutuwar kowa ba. Vonarburg da Gaiman suna raye aka saka su, kuma sunan mai rai amana ce da ba a gama sanin ƙarshenta ba.

Akwai dai lokacin da hannun mutum ya fito fili. Ranar 12 ga Maris 2015, wata uku bayan fitowar wasan, Terry Pratchett ya rasu yana da shekara 66, bayan fama da wani nau'in cutar Alzheimer. Shi ne mai labaran Discworld guda 41, duniya shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, a kan giwaye huɗu, su kuma a bayan wani ƙaton kunkuru da ke iyo a sarari. Ba da jimawa ba Frontier ya ƙara tasha a tauraron HIP 74290, ya kira ta Pratchett's Disc, kamar yadda ya yi wa ɗan wasan kwaikwayo Leonard Nimoy, wanda ya rasu makonni biyu kafin nan, a tauraron LHS 3006. Bambancin a bayyane yake tun daga ginin sunan. Ba a ɗauko Dock ko Hub daga jeri ba, an ɗauko kalma daga aikin mutumin. Wanda ya raɗa sunan ya san littattafan, wanda ya ga sunan kuma an ba shi bakin zaren da zai bi.

Pratchett da kansa ya riga ya yi tunani a kan wannan. A littafinsa Going Postal na 2004 akwai layin hasumiyoyi masu aika saƙo da ishara daga gari zuwa gari. Idan ma'aikacin layin ya mutu a bakin aiki, abokansa sukan saka sunansa cikin saƙonnin kula da layi, waɗanda abokin ciniki ba ya gani, da alamar haruffa uku: a miƙa gaba, kada a rubuta a rajista, in ya kai ƙarshen layi a juyo da shi. Haka sunan zai yi ta kai da kawowa muddin hasumiyoyin na aiki. Da ya rasu, masu kula da sabobin intanet a ƙasashe da dama suka ƙara wani layi da ba ya bayyana a allo cikin amsar da na'urorinsu ke aikawa, mai suna X-Clacks-Overhead, ɗauke da sunansa. Har yau in ka buɗe kayan binciken burauza a wasu shafuka za ka gan shi. Muna ganin tashoshin Elite 'yan uwan wannan ne: suna da ke yawo a cikin na'ura, ana maimaita shi ba tare da an karanta mai shi ba. Ƙaramin tunawa ne, bai kai a sayi littafi ba, balle a karanta. Amma matuƙin da ya sauka a Effinger Port sau hamsin, ran da ya ga sunan a bangon wani tsohon littafi hannunsa zai ɗan tsaya, kuma marubutan da suka mutu ba su da wata dama da ta wuce wannan tsayawar.

Daga baya an miƙa wa 'yan wasa alƙalamin. A watan Yunin 2020 aka shigo da manyan jiragen dakon jirage, waɗanda tamkar tasha ce mai tafiya, mai shi ke raɗa masa suna. A 2025 aka ba da damar mallakar sabon tauraro a gina tashoshi a cikinsa. Wato yau babu abin da ya hana wani ya rubuta sunan Umaru Dembo, wanda tun 1969 ya ɗauki yaro ya kai shi sararin samaniya da Hausa a Tauraruwa Mai Wutsiya, a jikin jirgin da wasu za su sauka su yi ciniki. Sai dai da tsada. Jirgin kuɗin wasan biliyan 5 ne, da kuɗin kula na aƙalla miliyan 5 duk mako. In mai shi ya daina biya bashi ya taru, sai a rushe jirgin, sunan ya bi shi.

Su ma tashoshin da kamfani ya raɗa wa suna a kan haya suke zaune, ta wata fuskar. A watan Nuwamban 2014, ana saura wata guda wasan ya fito, Frontier ya sanar da cewa ya fasa yin sigar da za a buga ba tare da intanet ba, abin da ya fusata wasu daga cikin masu tallafin. Ma'anarsa ita ce ba a shiga Pratchett's Disc ko Vonarburg Co-operative sai sabobin kamfanin suna kunne. A 2022 an riga an daina ƙara sabon abu a sigogin PlayStation da Xbox. Duniyoyin 1984 kuwa, waɗanda ba su ɗauke da sunan kowa, ba sa jiran kowa. Ian Bell ya saki manhajar cinikin wasan da harshen C ga duk mai so. Lambobin irin uku ne, 5A4A da 0248 da B753 a ƙirgen sha shida da muke amfani da shi. Duk wanda ya zuba su cikin dabarar, ko a waya ne, duniya ta farko da za ta fito masa ita ce Tibedied, ta takwas kuma Lave.